Idan Aure Ya Mutu A Birtaniya, Wa Ke Da Tallafi?

A Birtaniya, ma'aikatar ayyuka da fansho ba ta tambayar ko a masallaci aka ɗaura aure ko a ofishin rajista. Muddin mace da namiji na zaune a matsayin ma'aurata, tallafin Universal Credit guda ake ba su, a lissafa samunsu da ajiyarsu a haɗe. Ranar da suka rabu, wajibi ne su sanar, kowa ya nemi nasa. Wanda ya yi shiru, zai mayar da rarar da aka biya shi.

Kuɗin yara kuwa ba a raba shi biyu. Wanda ke riƙon yaro shi ke karɓa, ko da ɗayan na ɗaukarsa kwana uku a mako. Kuɗin ciyarwa da uba ke bayarwa ba ya rage wa uwa komai, amma idan aka sayar da gida kasonta ya haura fam 16,000, tallafin na iya tsayawa.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne 'ya'yanmu mata da aka kai can da bizar aure. Bizar ta haramta musu tallafin gwamnati, zamansu kuma ya rataya a kan igiyar auren, domin rabuwa na iya sa a datse ta. Wadda ta gudu saboda cin zarafi tana da damar neman izinin zama na wata uku tare da tallafi. Sai dai ta yaya za ta nema, idan fasfonta na hannun mijin, kuma iyayen da suka aurar da ita ba su taɓa jin labarin wannan dama ba?