Sanƙarau Ba a Wuya Kaɗai Yake Ba

Duk Bahaushen da ya ji kalmar sanƙarau, wuya ne ke fara faɗo masa a rai, domin sunan daga sanƙarewa ya samo asali. Sunan ya yi wa jama'a aiki shekara da shekaru, amma a matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin rabin cutar kawai ya kama. Ɗaya rabin, wanda ya fi saurin kisa, yana cikin jijiyoyin jini, kuma har yau ba mu raɗa masa sunan da uwa a ƙauye za ta ji ta zabura ba.

Mutanen Jega da Aliero da Maiyama ba baƙin wannan annoba ba ne. Bayan rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara a Nijeriya a 2011, ya karya lagon nau'in A, sai wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla a Jihar Sakkwato a 2013, ya tsallako Kebbi a 2014, ya sake dawowa da ƙarfi a 2015, inda Aliero da Jega suka ji jiki. A watan Maris na 2025 ma gwamnatin Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 a Gwandu, Jega, Aliero da Argungu. Wanda ya san yadda kasuwar Jega ke haɗa manoman albasa na Aliero da mutanen ƙauyukan Maiyama a lokacin bazara, ba zai yi mamakin yadda ƙwayar ke yawo ba.

Ga abin da likitoci suka gano. Ƙwayar cutar kan zauna a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Idan ta kutsa cikin jini, wani lokaci takan haura zuwa rufin ƙwaƙwalwa, wuya ya sanƙare. Wani lokaci kuwa sai ta manne wa bangon ƙananan jijiyoyin jini, ta hayayyafa a wurin, bangon ya kumbura ya fara yoyo, jini ya daskare a ciki. A 2013 masu bincike a birnin Paris suka dasa fatar ɗan Adam a jikin ɓeraye, suka sanya musu ƙwayar, sai ta je ta manne wa jijiyoyin fatar mutum kaɗai, kuma a nan ɓarnar ta auku. Wannan ɓarna ce ke fitowa a fata kamar ɗige-ɗigen jini, ita ce kuma ke sa yatsu ko ƙafa su mutu har a kai ga yankewa. Yaro zai iya rasuwa cikin yini guda alhali wuyansa na juyawa lafiya lau.

Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2006, a kan yara 448 a Birtaniya, ya nuna cewa kusan kashi 72 cikin ɗari sun fara ne da ciwon ƙafa, sanyin hannu da ƙafa, da canjin launin fata, wajen awa 8 da soma rashin lafiya. Sanƙarewar wuya da ɗige-ɗigen sai daga baya, tsakanin awa 13 zuwa 22. To, mai karatu ya duba: yaro mai zazzaɓi da ciwon ƙafa, a yankin da Aliero ta yi suna a faɗin Arewa wajen ɗorin ƙashi, ina za a fara tunanin kai shi? Ba laifin masu ɗori ba ne, sana'arsu daban ce. Amma awannin da ake buƙatar allurar ceftriaxone a asibiti su ne ke salwanta.

Akwai kuma matsalar kalmar jijiya. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da ita mahauci ke kiran abin da ya gagari haƙori a nama. Likita ya ce wa majinyaci jijiyoyinsa sun kumbura, shi kuwa ya tafi neman man shafawa. Su kansu likitocin duniya sun san nauyin suna. Tsarin sunayen cututtukan kumburin jijiyoyin jini na 2012, wanda taron Chapel Hill a Amurka ya fitar, ya ajiye sunayen wasu likitocin Turai da ake kiran cututtukan da su, ya maye gurbinsu da sunayen da ke bayyana abin da ke faruwa a jiki. Idan masana sun zauna taro don gyara suna, mu da muke fassara wa miliyoyin mutane a rediyo ba mu da uzurin sakaci.

Shawarar da littattafan Turai ke bayarwa, wato a danna kofin gilashi a kan ɗige-ɗigen a ga ko za su ɓace, ba ta da sauƙin aiki a baƙar fata. A wurinmu sai a duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da dasashi. Ban da wannan bayani, uwa za ta ɗauka ƙyanda ce ko ƙurajen zafi.

A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'o'i biyar, kuma abin a yaba ne. Sai dai wanda allurar ba ta iske ba, sanarwar rediyo ce garkuwarsa. Ina ba da shawarar jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 da kwalejin kiwon lafiya ta Jega su zauna da malaman Hausa kafin bazara mai zuwa, su tsayar da suna. Ni dai na fi karkata ga “sanƙarau na jini”, domin ya riƙe tsoron da tsohon sunan ke da shi, ya kuma ɗauke idon iyaye daga wuya zuwa tafin ƙafa.