Kafin Ka Kai Motarka Gareji: Gargaɗi Ga Mai Sha'awar Wasan Mota

Duk mai kallon bidiyon motoci a waya ya san yadda abin ke shiga rai. Mota ta shigo kwana a guje, taya na kuka, direba ya murɗa sitiyari ya fice lafiya lau. Matashin da Allah ya hore wa 'yar Civic ko Corolla ta hannu, yana gama kallo sai lissafin gareji ya tashi: a yanke salansa, a sauke motar ƙasa, a sa manyan rim. Kafin wata ya mutu kuɗi sun tafi, motar kuma ta fi da wuyar riƙewa a kan hanya. Waɗanda suka daɗe a wasan mota na gaskiya, a ƙasashen da aka tsara shi, daga wani wuri dabam suke farawa.

A Amurka akwai wasan da aka gina domin mai irin wannan sha'awa, ana ce masa otokuros. Ƙungiyar masu motocin wasanni ta ƙasar, SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ta fi kowa shirya shi, da sunan Solo. Ba sai an gina filin tsere ba. Makeken fili ake nema mai kwalta ko kankare, kamar wurin ajiye motoci na filin ƙwallo ranar da babu wasa, ko tsohon filin jirgin sama. Sai a jera robobin nan masu tsini ruwan lemo da ma'aikatan hanya ke amfani da su, a fitar da hanya mai yawan kwana. Ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya da tazara mai yawa, na'ura na ƙirga wa kowace lokacinta. Ba a jerawa, ba a shan gaban kowa. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, galibinsa a giya ta biyu ake yi, kuma ana tsara hanyar yadda motar gida ba za ta haura kimanin kilomita 100 a sa'a ba ko a miƙaƙƙen wuri. Robar da ka kayar, ko ka ture ta fita daga zanen da aka kewaye ta da shi, an ƙara maka daƙiƙa 2. Ka tsallake wata ƙofa, an soke zagayen ɗungurungum. Mai neman bidiyon wasan ya lura, a Turai wannan suna tseren kan turɓaya yake nufi. Irin na robobi a Ingila otosolo ake kiransa, a Japan kuma akwai ɗan'uwansa, jimkana.

Gasar ƙasa ta wannan wasa tun 1973 ake yinta, kuma daga 2009 ta koma birnin Lincoln na jihar Nebraska, inda direbobi fiye da 1,000 ke haɗuwa a watan Satumba. Hanya biyu ake shimfiɗawa, kowa ya yi zagaye uku a kan kowace. Babu gwaji da mota. Da ƙafa ake bin hanyar kafin a fara, ana kallon robobi, ana haddace inda za a taka birki da inda za a saki. Wanda ya yi lalacin wannan tattaki, da ya shiga mota sai ya ga robobi sun cika masa ido, ya rasa gabas da yamma.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne binciken da ake yi wa mota da safe. Mai dubawa zai kama taya da hannu biyu ya girgiza, ya ji ko boris ko tayarod na da wasa. Zai buɗe bonet ya tura batir. In ya motsa, sai ka ɗaure shi kafin a ci gaba da magana. Zai taka birki ya ji ko yana nutsewa, ya duba ko totur na dawowa da kansa, ya ƙirga notocin taya, ya leƙa ƙasa ko mai na ɗiga. Sannan a kwashe komai daga cikin mota da but, har tabarmar da ke ƙarƙashin ƙafar direba, domin gorar ruwa ɗaya da ta gangaro ta shige bayan birki ta isa ta jawo masifa. Hular kwano dole ce, kuma mai shaidar inganci. Yawancin ƙungiyoyi na ara wa sabon shiga. Motoci masu tsayi da ƙuntatacciyar ƙafa, irin jif-jif da a-kori-kura, yawanci ba a karɓarsu, saboda suna iya kifewa a kwana.

Akwai jami'in da ba shi da aiki ranar sai lura da lafiyar jama'a, kuma yana da ikon tsayar da wasa. 'Yan kallo ba sa matsowa ƙasa da kimanin mita 23 daga hanya. Kowane direba, in ya gama nasa zagayen, sai ya fito ya tsaya a rana yana tayar da robobin da wasu suka kayar, ga jar tuta a kusa domin tsayar da mota in an ga matsala. Da waɗannan ƙa'idoji wasan ya zama abin da uba da 'yarsa za su zo su yi da motar da suke zuwa cefane.

To, me ya sa tsofaffin hannu ke ce wa sabon shiga ya zo da motarsa yadda take? Saboda a shekarar farko, direba ne ke ɓata lokaci. Abu ne da aka saba gani: a ba malami makullin motar sabon shiga, mai motar ya zauna a gefe, malamin ya zaga da ita ya rage daƙiƙoƙi masu yawa ba tare da an taɓa ko noti ɗaya ba. Sabo yana kallon robar da ke gaban bonet, gwani idonsa na kan kwana ta biyu a gaba. Sabo yana shiga kwana da wuta, sai motar ta ƙi juyawa, ta miƙe da hanci tana jan taya, shi kuma ya ƙara murɗa sitiyari, abin ya ƙara lalacewa. Dalilin ba boyayye ba ne. Abin da ke haɗa mota da ƙasa a kowace taya bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma riƙon da yake da shi ƙayyadadde ne. In ka cinye shi wajen birki, babu sauran na juyawa. Shi ya sa ake gama birki tun mota na miƙe, a shiga kwana a natse, a buɗe totur a hankali wajen fita. Wannan darasi da tsohuwar mota mara ƙarfi aka fi saurin koyonsa, domin tana nuna maka kuskurenka a gudun da ba zai cuce ka ba. Ba banza ba ƙananan motoci irin Mazda MX-5 da Honda Civic suka cika filayen wasan.

Sai kuma tarkon da masu gaggawa ke faɗawa. Motoci rukuni-rukuni ake kasa su, gwargwadon ƙirarsu da yawan sauyin da aka yi musu. A rukunin farko na SCCA, na motocin titi, abin da aka yarda ka canza kaɗan ne: shokozoba, takalmin birki, ƙarfen sitabilaiza ɗaya, ƙarshen salansa, da taya irin ta titi mai lambar jurewar ci 200 ko sama. Wanda ya riga ya sauya sifirin ko ya taɓa kwamfutar injin kafin ya karanta doka, sai ya tsinci kansa a rukunin sama, yana karawa da motocin da aka shekara ana kashe musu dukiya. Ya biya kuɗi ya sayo wa kansa wahala.

In lokacin kashe kuɗi ya zo, gyara ake farawa da shi kafin ƙari. Duk abin da ya ci a ƙafar mota a sauya shi, a yi saitin ƙafafu a wurin masu na'ura, a zubar da tsohon man birki. Man birki yana shan laimar iska sannu a hankali. Sabon man birki irin DOT 3 sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma in sun sha ruwa, ma'aunin yakan sauko wajen 140 da 155. Ranar da ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa. Takalmin birki na manyan filayen tsere kuwa a bar shi a shago, domin sai ya ɗau zafi yake kamawa, kuma zagayen minti ɗaya ko tuƙin cikin gari ba sa ba shi wannan zafin.

Bayan gyara, taya. Babu wani sauyi da ke rage lokaci kamar taya mai kyau, kuma a nan ne mu a ƙasarmu muka fi sakaci. Mutum zai sayi rim na dubban ɗaruruwa ya ɗora masa tayar gwanjo da ta gama rayuwarta a Turai. A gefen kowace taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba, zafin bazara kuma yana gaggauta mata tsufa. Masu otokuros suna da wata dabara mai sauƙi ta gane ko iska ta yi daidai. Sukan goga alli a kafaɗar taya, daga bakin zane zuwa gefe, su yi zagaye ɗaya su dawo su duba. In allin ya goge har ya gangaro gefen taya, tana lanƙwashewa a kwana, sai a ƙara iska kaɗan, ba tare da an wuce iyakar da aka rubuta a jikinta ba. In an tashi daga fili a mayar da iskar yadda kamfanin mota ya ce. Kuma komai za ka sauya, ka sauya ɗaya, ka gwada, ka rubuta abin da ka ji. Wanda ya canza abu biyar rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya taimaka wanne ya ɓata ba.

Akwai aikace-aikacen da suka zama ruwan dare a garejojinmu da sunan mayar da mota ta gudu, alhali illarsu ta fi. Yanke sifirin domin mota ta sauka yana rage wa shokozoba wurin motsi, motar ta riƙa dukan ƙasa, sifirin ma na iya fita daga mazauninsa in ta faɗa rami. Manyan rim da siririyar taya sau da yawa sun fi na asali nauyi, kuma ramin hanya ɗaya ya isa ya tsaga su. Buɗaɗɗiyar matatar iska da ake maƙalawa a cikin bonet tana zuƙar iska mai zafi, in kuma mai arha ce, ƙurar hunturu ta wuce ta cikinta zuwa injin. Cire tamostat yana hana injin kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya ƙara shan mai. Indomi kuma, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, in dai bai toshe ba, cire shi bai cika ƙara ƙarfin a-zo-a-gani ba, sai hayaƙi mai guba da wutar gargaɗi a dashbod. Ka kuma sani, akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, don haka ba kowane mai ba ka shawarar cirewa ne yake yi domin Allah ba. Salansa mai tada unguwa kuwa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Biyu daga cikin irin waɗannan sauye-sauye kai tsaye suke taɓa rai. Cire sitiyarin asali a sa ɗan ƙarami na ado yana tafiya da jakar iskar da ke kare fuska da ƙirjin direba. Bel ɗin tsere mai igiya huɗu kuma, in aka ɗaure shi a ƙasan mota ta bayan kujera, yakan danne kashin baya a lokacin karo, sannan in mota ta kife babu ƙarfen kariya, yana riƙe mutum a miƙe rufi na saukowa. Bel ɗin da mota ta zo da shi ya fi wannan aminci nesa ba kusa ba. A tuna kuma, inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a gasar gudu.

Duk wannan bayani na kawo shi ne saboda abin da muke gani a Kano da Kaduna da Abuja da sauran garuruwa, ranar ɗaurin aure ko kai amarya ko yawon Sallah. Yaro ya ja birkin hannu a tsakiyar shataletale, abokai sun fito rabin jiki ta taga, jama'a sun yi da'ira taku kaɗan daga motar suna ɗauka a waya. Babu wanda ya girgiza taya, babu hular kwano, babu mai jar tuta. Ga 'yan adaidaita sahu, ga yara masu talla, ga turakun lantarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, wato tsaran masu wasan da masu kallon. In gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yakan ninka huɗu, kuma wannan lissafi bai san ɗan wane ba.

Sha'awar ita kanta ba laifi ba ce, kuma ina ganin hani kaɗai ba zai kashe ta ba. Matasan da ke da ƙungiyoyin motoci, ku nemi fili mai shinge wanda babu turaku a cikinsa, ku samu izinin mai shi a rubuce, ku sanar da 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra, ku tanadi abin kashe gobara da motar asibiti, ku ɗauko bakanike mai tsoron Allah ya duba kowace mota, ku ja igiya nesa ku tsayar da 'yan kallo a bayanta. Iyaye kuma, kada ku ba yaron da bai kai shekara 18 ba, ko wanda ba shi da lasisi, makulli ranar biki. Wanda bai samu irin wannan fili ba, ya bar motarsa yadda take, ya raka amarya da gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari, kilomita 50 a sa'a.