Shin Ko Kun San? Tsofaffin Hotunan Garuruwa

Shin ko kun san kyamara ta girmi garin Kaduna nesa ba kusa ba? Hoton kyamara mafi tsufa da ya rage a duniya, wani Bafaranshe ne mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi a 1826 ko 1827, daga tagar benensa a wani ƙauyen Faransa. Rufin ɗakuna ne kawai a ciki, dishi-dishi, a kan farantin ƙarfe da ya shafa wa wani irin kwalta, ya bar shi yana shan haske aƙalla awa 8. Yanzu yana ajiye a Jami'ar Texas da ke Amurka. Kaduna kuwa sai a 1917 ta zama hedikwatar Arewa, da Gwamna Lugga ya sa aka taso daga Zungeru. Kusan shekara 90 ke nan tsakani.

Shin ko kun san ɗan shushaina yana cikin mutanen da suka fara fitowa a hoto? A 1838 Louis Daguerre ya saita na'urarsa kan wani babban titi na birnin Paris da ake kira Boulevard du Temple. Titi ne mai hada-hada, amma a hoton sai ka rantse an yi wa garin dokar hana fita. Dalili kuwa, farantin sai ya yi mintuna a buɗe kafin ya kama abu, don haka duk mai tafiya, mutum ko doki ko keken doki, bai bar alama ba. Wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai goge masa, su ne suka daɗe a wuri ɗaya har suka fito.

Shin ko kun san sana'ar ba ta yi shekara da bayyana ba ta iso Afirka? An sanar da duniya dabarar Daguerre a Agustan 1839, a Nuwamban shekarar kuma wasu Faransawa suka ɗauki hoto a Iskandariyya ta Masar. Waɗancan faranta sun ɓace. Na Alƙahira da na Ƙudus da Girault de Prangey ya ɗauka tsakanin 1842 da 1844 suna nan.

Madina fa? Wani injiniyan sojan Masar, Muhammad Sadiƙ Bey, shi ya fara ɗaukar ta a 1861, sannan Makka a 1880, a kan faranta na gilashi da ake dakon su a kan raƙumi. Bayansa wani likita ɗan Makka, Abdul Gaffar, ya ɗauki Harami da taron alhazai. A lokacin nan maniyyacin ƙasar Hausa da ƙafa yake tafiya, ya yi shekaru a hanya, in ya dawo sai dai ya siffanta Ka'aba da baki.

Shin ko kun san shahararren tsohon "hoton" Kano daga kan Dala ba hoto ba ne? Zane ne. Da Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, fensir da littafi ya riƙo. Da ya koma Turai ne wani mai zane, Bernatz, ya gyara abin da ya zayyana aka buga. Ai ba laifinsa ba ne. Kayan hoton wancan zamani akwatuna ne da kwalaben magani masu lalacewa a zafi, wa zai ratsa Sahara da su? Abin bai yi sauƙi ba sai da George Eastman ya fito da Kodak a 1888, ƙaramin akwati da ke ɗaukar hoto 100 kafin fim ya ƙare.

To, da kyamarar ta zo ƙasar Hausa sosai, tare da bindiga ta zo. Ayarin Faransawa na Foureau da Lamy ya ɗauki hotuna a Agadas da Damagaram a 1899. Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, daga nan hotunan ganuwa da ƙofofi da kasuwa suka fara yawa, galibi daga hannun hafsoshi da jami'an mulki da baƙi masu wucewa, irin su ɗan jarida E. D. Morel da ya sa hotuna a littafinsa na 1911. Ba Turawa kaɗai ba: George Da Costa, baƙar fata da ya buɗe shagon hoto a Legas a 1895, ya yi aikin ɗaukar shimfiɗar layin dogo, ya kuma zo har Kano da kyamararsa.

Shin ko kun san an ɗauki Kano daga sama tun 1930? Jirgin sama ya fara sauka a can ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Bayan shekara 5 wani matuƙi ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya biyo a tafiyarsa ta zuwa Tafkin Chadi. A ganina waɗannan ne hotunan da ya kamata kowane Bakano ya zauna ya kalla a tsanake. Ga soraye sun cuɗu da juna, ga lunguna, ga kududdufai birjik inda aka haƙi ƙasar gini, ga kuma fili fetal a cikin badala, wanda aka bari don a yi noma ko da abokan gaba sun yi wa gari zobe. Filayen nan yau duk gidaje ne, kududdufai da yawa an cike su, badalar ma sai guntu-guntu.

Shin ko kun san Masallacin Juma'a na Zariya sa'an hoton Daguerre ne? Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Tun da aka lulluɓe shi da ginin zamani, kamanninsa na waje sai a tsohon hoto.

Mu dawo Kaduna. Tun da garin ya tashi a gaban kyamara, sai mutum ya ɗauka ko'ina yana da hoton farkonsa. Ina! Mai kyamarar wancan lokaci abin da ya gina yake ɗauka: gadar jirgin ƙasa, tasha, bariki, filin sukuwa, daga baya Majalisar Lugard Hall da hawan daba na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Kudancin kogi ya fi fitowa ne ta dalilin tashar Kaduna Junction, sai kuma masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957. Unguwannin da ma'aikatan masaƙun suka cika, irin su Makera da Nasarawa da Tirkaniya, ba su ne ake sa wa a katin gaisuwa ba.

Shi ya sa mai neman tsohuwar Tirkaniya, gara ya fara da albam ɗin dattawan unguwa. Hoton suna ne, ko na biki, ko na saurayin da ya karɓi albashin farko ya sayi keke. Kada ya tsaya kan fuskokin, ya duba bayansu: katangar ƙasa ce ko ta bulo, akwai turken lantarki ko babu, gona ce a ƙarshen layi ko gida. Ya juya bayan katin kuma, don wasu masu shagon hoto sukan buga hatiminsu, wani lokaci har da shekara.

Na hukuma kuwa, a leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a nan Kaduna, da Gidan Makama a Kano. Na Mittelholzer ɗakin karatu na jami'ar ETH da ke Zurich ya sa su a intanet kyauta, ko a waya ana iya buɗe su.