Raga Ɗaya, Gololi Biyu: Da Me Koci Zai Auna?

A kowace ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa, ko ta unguwa ce a Talata Mafara, ko ta sakandare a Bakura da Maradun, ko ta ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, akwai gurbi guda da ba ya rabuwa. 'Yan baya huɗu ne, 'yan tsakiya uku ko huɗu, yaron da bai samu wannan gefe ba ana iya gwada shi a wancan. Amma raga ɗaya ce, mai tsaronta ɗaya ne, kuma ba kasafai ake canza shi ana cikin wasa ba. Idan Allah ya haɗa gololi biyu masu hazaƙa a ƙungiya guda, dole ɗaya ya zauna a benci. A ganina, masu horar da yara da dama suna yanke wannan hukunci da gurɓataccen ma'auni: tsawon jiki, da tsallen burge 'yan kallo, da abin da ya faru a yammaci guda. Abin da ya kamata a auna shi ne irin shawarar da yaro ke yankewa cikin ƙiftawar ido, ita kuwa ba ta bayyana sai an tara wasanni.

Dalili shi ne mafi yawan aikin gola ba ya jawo tafi. Golan da ya karanci wasa, ya tsaya inda ya dace tun kafin a buga, ƙwallo a ƙirjinsa take sauka, sai 'yan kallo su ce mai bugun ne bai iya ba. Wanda kuwa ya tsaya a karkace, ya makara, sannan ya yi shawagi ya ture ta da yatsu, shi ake ɗagawa sama bayan an tashi. Kocin da ya san aikinsa yana duba wasu abubuwa dabam. Idan an bugo kwana, yaron ya kan fito da niyya ɗaya, ko ya kan yi rabi ya tsaya? Yana yi wa 'yan bayansa magana, yana tsara katanga kafin bugun tazara, ko shiru yake kamar baƙo? Tun 1992 doka ta hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, saboda haka wanda ƙafarsa ke rawa idan an matsa masa, matsala ce ga ƙungiyar duka. Mafi girma kuma: yaya yake a mintoci goman da ke biyo bayan kuskurensa? Babu golan da ba ya kuskure. Bambancin shi ne wani ya kan tattara hankalinsa, wani kuwa ƙwallo ɗaya kan jawo masa uku.

Tarihin Super Eagles na kusa ya isa hujja. A watan Janairun 2022 a Garwa, Tunisiya ta fitar da Nijeriya daga Gasar Kofin Afirka da ƙwallo ɗaya, aka ɗora wa gola Maduka Okoye laifin duka, zagi ya yi masa yawa a kafafen sada zumunta. Wata biyu bayan haka a Abuja, bugun Thomas Partey na Ghana ya sulale wa gola Francis Uzoho, Nijeriya ta rasa zuwa Kofin Duniya, shi ma aka juya masa baya. Duka biyun an yi musu hukunci da daƙiƙa guda, alhali Okoye ya je ya zama golan farko a Udinese ta Italiya. Da koci Jose Peseiro zai tafi Gasar Kofin Afirka ta Kodebuwa a farkon 2024, sai ya ɗauko Stanley Nwabali, tsohon golan Katsina United da ke wasa a Chippa United ta Afirka ta Kudu, wanda mutane da yawa ba su ma san sunansa ba. An ci shi ƙwallo a wasan farko da Ikwatoriyal Gini, amma koci bai cire shi ba. Ya yi wasa huɗu a jere ba a zura masa ko ɗaya ba, ya tare fenareti biyu a karawar kusa da ƙarshe da Afirka ta Kudu. Zaɓen ya yi kyau, amma abin da ya fi zaɓen muhimmanci shi ne tsayawa a kansa.

Ko a Amurka, inda jami'o'i ke kashe maƙudan kuɗi kan ƙwallonsu ta hannu, ido ya kan ruɗu. A can ma akwai gurbi guda irin wannan, na ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana jagorantar hari. A Jami'ar Michigan an sa Tom Brady ya yi ta raba wasa da Drew Henson, wanda ake ganin ya fi shi baiwar jiki. A zaɓen sababbin 'yan wasan ƙwararru na shekarar 2000 sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a kira sunan Brady, shi ne kuma ya ƙare da kofi bakwai na Super Bowl.

Wani zai ce wannan zancen masu kuɗi ne, kocin da ke horar da yara a filin makaranta ba shi da kyamara ko mai horar da gololi, kuma gasannin unguwanni na sili ɗaya ƙwale ne, ba su ba da damar haƙuri. Gaskiya ne. Sai dai gwajin ba a ranar gasa ake yin sa ba. Wasannin sada zumunta tsakanin garuruwan nan uku da ke kewaye da madatsar Bakolori sun isa, idan aka raba su daidai: kowane gola ya yi cikakken wasa, da 'yan baya iri ɗaya, a gida da waje. Littafin rubutu da biro sun wadatar a riƙa rubuta fitowa nawa ya yi daidai, ƙwallo nawa ya amayar, rabon ƙwallo nawa ya ɓatar. A kuma tuna cewa filinmu na rani busasshe ne mai tsakuwa, yaron da ke ɗari-ɗarin faɗuwa a kansa ba lallai matsoraci ba ne.

Wasu kuma za su ce adalci shi ne a riƙa juyawa, yau wannan gobe wancan. A lokacin gwaji, na yarda. Bayan an shiga gasa kuwa, juyin cutarwa ne, domin 'yan baya suna buƙatar murya ɗaya da suka saba da ita, kuma yaron da ya san kuskure ɗaya zai mayar da shi benci ba zai taɓa fitowa kwana da ƙarfin zuciya ba. Adalcin da na biyu ya cancanta shi ne a zaunar da shi a gaya masa abin da aka gani, da abin da zai gyara, da lokacin da za a sake dubawa. Kuma a tabbatar da shekarun kowa na gaskiya, domin ɗan shekara ashirin zai fi ɗan sha shida a yau, ba don ya fi shi makoma ba.

Kira na ga kociyoyi da malaman wasanni na Mafara da Bakura da Maradun shi ne kada dattijon da ya sayi riguna ko ihun 'yan kallo su zaɓa muku gola. Ku gwada yaran biyu daidai, ku rubuta abin da kuka gani, ku zaɓi ɗaya, sannan ku bar shi a raga har gasar ta ƙare.