Gwamna Lugga da Hijirar Mutanen Sakkwato zuwa Bakin Shuɗin Nilu

1.0 Gabatarwa

Wanda ya bi hanyar Wad Madani zuwa Sinnar har ya ɗan wuce ta a ƙasar Sudan zai tarar da garuruwa irin su Wad Haddad da Mai Wurno, inda ake jin Hausa da Fulatanci tare da Larabci. Wannan takarda za ta yi bayanin ɗaya daga cikin dalilan zuwan waɗannan mutane, wato rikicin gwamnan farko na Arewacin Nijeriya da sarakunan ƙasa.

2.0 Tarihin Gwamna Lugga

An haifi Frederick Lugard, wanda Hausawa suke kira Gwamna Lugga, a Madras ta ƙasar Indiya a shekarar 1858. Soja ne, ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama, ya kuma yi wa wani kamfanin Ingila aiki a Yuganda. Shi ya kafa rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma a 1897. A ranar 1 ga Janairu, 1900 aka kaɗa tutar Ingila a Lakwaja, ya zama babban kwamishinan Arewa. Sai dai a lokacin mulkin nasa a takarda kawai yake, domin ƙasa tana hannun Sarkin Musulmi da sarakunansa.

3.0 Rikici da Sarakuna

Lugga ya kafa hujja da hana cinikin bayi, su kuwa sarakuna suna ganin bai halatta Musulmi su zauna ƙarƙashin Nasara ba. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901. A 1902 Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Wannan ya ba Lugga dalilin da yake nema. Aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, domin doki da mashi ba su iya tsayawa gaban bindiga mai ruwa.

Sarkin Musulmi Attahiru I bai miƙa wuya ba. Ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Abin da ya tayar wa Turawa hankali shi ne yadda talakawa suka riƙa barin gonakinsu a bakin damina suna bin sa, domin ƙasar da ba mutane ba ta biyan haraji. Saboda haka aka bi shi har Burmi, a ƙasar Gombe, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa ranar 27 ga Yuli, 1903.

4.0 Daga Burmi zuwa Sudan

Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya. Wajen 1906 suka sauka kusa da Shehu Talha a bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin da ake kira da sunansa. Abin lura shi ne, sun tarar da Sudan ɗin ma tana hannun Ingila tun 1899. Bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aikin auduga na Jazira ya buƙaci ma'aikata, sai mahajjata masu tafiyar ƙasa suka riƙa tsayawa neman guzuri, da yawa kuma suka zauna ke nan.

5.0 Kammalawa

Lugga ya bar Arewa a 1906, bayan kisan Satiru. Ya yi gwamnan Hong Kong, ya dawo ya haɗa Kudu da Arewa a 1914, ya rasu a 1945. Ga ɗalibin harshe, yaƙin 1903 ya bar abin nazari: Hausar da ta rabu da gida fiye da shekara ɗari, take zaune cikin Larabcin Sudan, tana aron kalmomi daga gare shi maimakon Ingilishi.