Hanyar Samun Shaidar Malanta Bayan Digiri da Buƙatun Firamare a Ƙasar Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara sassan Hausa na jami'o'inmu suna yaye ɗimbin ɗalibai, kuma da yawa daga cikinsu aikin koyarwa ne ke jiransu. Sai dai digirin Hausa, ko na tarihi, ko na lissafi, shi kaɗai ba ya mai da mutum malami a idon dokar Nijeriya. Akwai matakai da mai digiri zai taka kafin a ba shi amanar aji. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana waɗannan matakai da asalinsu, sa'an nan a auna su da halin da makarantun firamare suke ciki a ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. An zaɓi wannan ƙasa ne domin duk wani rauni da ke cikin tsarin horon malamai, a irin wannan wuri yake fara bayyana.

2.0 Asalin Takardun Malanta

Horon malaman boko a Arewa ya kankama ne da Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Daga baya aka sami kwalejojin horon malamai a larduna, masu ba da takarda mai daraja ta uku da ta biyu. Mai daraja ta biyu, wadda jama'a ke kira Gireti Tu, ita ce ta riƙe makarantun firamare shekaru da dama. Horonta kacokan a kan firamare aka gina shi: ana koya wa mutum yadda zai riƙe aji guda, ya koyar da karatu da rubutu da lissafi da sauran darussa shi kaɗai.

Rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya share fagen kafa manyan kwalejojin horon malamai, ciki har da ta Zariya a 1962, kuma daga nan takardar N.C.E. ta samo asali. Da farko an tanade ta ne domin ƙananan azuzuwan sakandare. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yara suka yi cincirindo fiye da yadda aka yi hasashe, malamai suka yi ƙaranci. Dalili ke nan da ya sa aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara, domin ta horar da malamai daga nesa suna bakin aikinsu. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta yi nuni da cewa nan gaba N.C.E. ce za ta zama mafi ƙarancin takardar shiga aikin malanta, bugun 2004 kuma ya faɗi haka ƙarara. Da haka Gireti Tu ta kau.

Mataki na ƙarshe shi ne kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya da Doka mai lamba 31 ta 1993. Wannan doka ta sanya malanta a sahun sana'o'in da ba a shigarsu sai da rajista, kamar aikin likita da na lauya.

3.0 Takardu Uku, Tambayoyi Uku

Mai digirin da bai karanci fannin koyarwa ba yana buƙatar takardu uku, kuma kowace tambayar da take amsawa daban ce.

Ta farko ita ce digirin kansa. Tambayar da yake amsawa ita ce: me wannan mutum ya sani? Mai digirin Hausa ya san tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jimla, ya san adabin baka da rubutacce, ya san al'ada.

Ta biyu ita ce babbar diflomar koyarwa ta bayan digiri, wadda aka fi sani da P.G.D.E. Tambayarta ita ce: ya iya isar da abin da ya sani ga wani? Ana yin ta a tsangayoyin ilmi na jami'o'i, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, haka kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa tana gudanar da ita a cibiyoyin karatunta ga masu aiki. Galibi shekara guda take ɗauka ga wanda ya zauna mata, ta ɗan ɗara haka ga mai yin ta yana aiki. Darussanta sun haɗa da tarihi da falsafar ilmi, da ilmin halayyar yara, da tsara manhaja, da dabarun koyarwa, da awon fahimta, da ɗan ƙaramin kundin bincike. Ƙashin bayanta shi ne gwajin koyarwa, inda ɗalibi zai yi makonni a wata makaranta, malamansa su zo su zauna a bayan aji su ga kamun ludayinsa. Wanda ya samu wannan difloma ƙofar digiri na biyu a fannin ilmi ta buɗe masa.

Ta uku ita ce rajista da lasisi. Tambayarta ita ce: hukuma ta yarda a ba shi yaran jama'a? Tun daga 2017 Hukumar Rajistar Malamai ta shigo da jarrabawar cancanta wadda ake yi da kwamfuta. Hukumar ta kasa malamai rukuni huɗu: masu digiri na uku, da masu na biyu, da masu na farko, da masu N.C.E. Lasisin kuwa sabunta shi ake yi, ba a riƙe shi har abada. Bayan duk wannan ne mutum zai nemi aiki a Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha, ita kuma ta tura shi ƙarƙashin Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukuma.

Wasu ƙasashe ma suna da irin wannan hanya. A Ingila mai digiri yakan yi kwas na shekara guda ya sami shaidar ƙwararren malami, amma tun daga ranar shiga yake zaɓen ko firamare ko sakandare, kuma horon kowanne daban ne. A Amurka jami'o'i da yawa suna haɗa digiri na biyu da lasisin koyarwa na jiha a shiri guda. A Finlan kuwa, tun daga 1979 digiri na biyu ake nema ga malamin firamare. Abin lura shi ne, a waɗannan wurare an ɗauki koyar da ƙananan yara a matsayin fanni mai zaman kansa.

4.0 Inda Giɓin Yake

A nan ne tsarinmu yake da rauni. Kwalejojin ilmi suna da sashen nazarin ilmin firamare a matakin N.C.E., amma diflomar bayan digiri, a yadda aka saba gudanar da ita, ta fi karkata ga malamin darasi guda na sakandare. Ana koya wa mai digirin Hausa yadda zai koyar da insha'i da waƙa da nahawu ga yaron da ya riga ya iya karatu. Ɗan aji ɗaya kuwa bai san harafi ba tukuna.

Koyar da karatun farko da Hausa yana da nasa ilmi. Alal misali, dole malami ya san da waɗanne haruffa zai fara, da lokacin da zai shigo da baƙaƙe masu ƙugiya, domin yaro ya bambance *baki* da *baƙi*, da *kafa* da *ƙafa*, da *bari* da *ɓari*. Dole ya san yadda zai nuna cewa *sh* da *ts* da *ƙw* kowanne sauti guda ne ko da yake da haruffa biyu ake rubuta shi. Dole ya san cewa gaɓar Hausa da baƙi take farawa, kuma wannan tsari shi ne ya sa haɗa baƙi da wasali yake saurin kai yaro ga karanta kalma. Bugu da ƙari, rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka *gari* na zama da *gari* na tuwo kamanninsu ɗaya a allo, haka *kuka* na itace da *kuka* na hawaye. Sai malami ya koya wa yaro neman ma'ana daga jimla. Mai digirin Hausa ya san waɗannan a matsayin nazari. Mayar da su darasin minti talatin ga yara masu shekara shida aiki ne dabam, kuma sai an koya.

Sauye-sauyen manufa sun ƙara dagula lamarin. Manufar 1977 ta ce a fara koyarwa a firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a wurin. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke shi da komawa ga Ingilishi. To amma ko wane harshe aka rubuta a takarda, yaron Randagi ko Kuyallo ba da Ingilishi yake zuwa makaranta ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekaru shida, ya nuna cewa farawa da harshen gida bai hana su iya Ingilishi ba.

5.0 Halin Ƙasar Birnin Gwari

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana da faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, kuma ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe a 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Hausa ce harshen kasuwa da hulɗa, amma akwai yaran da Fulatanci ko Gwaranci ko Kamukanci ne harshen gidansu. Wato malamin aji ɗaya a wasu ƙauyuka yana koyar da karatu da Hausa ga yaran da wasunsu harshe na biyu ce gare su.

Fiye da shekaru goma wannan daji ya zama maɓoyar ʼyan bindiga, kuma makarantu ba su tsira ba. A ranar 15 ga Maris 2021 an kai hari makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai uku. A ranar 7 ga Maris 2024 an kwashe ɗalibai a Kuriga, cikin Ƙaramar Hukumar Cikun, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Hukumomi sun ba da sanarwar kuɓutar 137 bayan fiye da mako biyu. A ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari.

Wannan hali ya shafi batunmu ta fuska biyu. Ta farko, baƙon malami da aka turo daga nesa ba ya daɗewa a inda ransa ke cikin haɗari. Wanda ke zama shi ne ɗan ƙasa, mai gona da iyali a wurin. Ta biyu, shi ɗan ƙasar takardun nan uku nesa suke da shi. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna kimanin kilomita 120 ne, kuma an yi shekaru matafiya ba sa bin hanyar sai da fargaba. Ga kuɗin makaranta, ga na mota, ga jarrabawar kwamfuta ga mutumin da ba lalle ba ne yana da lantarki a garinsu. Haka kuma malamin jami'a da zai duba gwajin koyarwa da wuya ya isa Dogon Dawa, sai ɗalibi ya yi gwajinsa a makarantar birni, wadda ba ta yi kama da ajin da zai koma ba.

Abin da ya faru a 2017 ya isa ishara. Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin 100, ta sallame su. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa ta yi jayayya da yadda aka gudanar da jarrabawar, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, lamarin ya nuna abu biyu: riƙe takarda ba ya tabbatar da iyawa, kuma sallamar malami a birni ta fi sauƙin maye gurbi bisa sallamarsa a bakin daji.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, abubuwa uku sun cancanci kulawar tsangayoyin ilmi da sassan Hausa. Na farko, a ware wa diflomar bayan digiri reshe na firamare, wanda darasin koyar da karatun farko da Hausa zai zama wajibi a cikinsa, malaman harshe da na ilmi su koyar da shi tare. Na biyu, a kai karatun kusa da masu buƙatarsa, a kuma horar da gogaggun shugabannin makarantu na yankin su riƙa duba gwajin koyarwa a madadin jami'a, domin ɗalibi ya yi gwajinsa a garinsu. Na uku, ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku su karkata ga binciken yadda yaro mai jin Fulatanci ko Gwaranci yake koyon karatu da Hausa, domin abin da aka rubuta a kan wannan bai taka kara ya karya ba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da zai zo mana jami'a daga Birnin Gwari nan da shekaru goma sha biyu yana aji ɗaya a yau, kuma iyawarsa ko gazawarsa tana hannun wanda muka ba takardar shaida muka tura masa.