Dalilin da Ya Sa Alif Yake Kwantar da Laka a Cikin Ruwa

A Lugbe, bisa hanyar filin jirgin sama na Abuja, gidaje da yawa sun dogara ga rijiya da 'yan garuwa. Da damina ruwan rijiya yakan yi ja, ya kwana a randa bai kwanta ba. Dalilin haka yana cikin lakar kanta.

Ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, kowace kuma tana ɗauke da cajin lantarki mai alamar ɗebewa. Caji iri ɗaya ba ya jituwa: ƙwayoyin suna ture juna, ba su haɗuwa balle su yi nauyin nutsewa. Alif, wanda waɗansu ke kira alimun, idan ya narke yana sakin sinadarin alminiyum mai cajin tarawa. Wannan shi ke manne wa laka ya soke cajinta. Da zarar turewa ta ƙare, sai ƙwayoyin su dunƙule, su sauka gindin randa. Aikin da matatar ruwa ta madatsar Usuma, kusa da Ushafa, take yi ke nan, sai dai ita da awo take zubawa.

Awon nan kuwa ba a yin wasa da shi. In alif ya yi yawa, laka takan ɗauki cajin tarawa, turewa ta dawo, ruwa ya sake gurɓacewa, ga tsami. Kaɗan ake sawa, a motsa da ƙarfi, sannan a hankali, a bar shi ya kwanta.

Ƙwayar zogale da aka daka ita ma tana wannan aiki, domin furotin ɗinta mai cajin tarawa ne. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna tace ruwan Nilu da ita. Har cikin jikin ɗan Adam ƙa'idar ɗaya ce. Zaren gado, watau DNA, mai cajin ɗebewa ne, tsawonsa a ƙwayar halitta guda ya kai wajen mita 2, kuma ba zai naɗu ba sai ya kewaye furotin mai suna histon, wanda ke rage masa cajin.

Amma garai daban, tsabta daban. Alif ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage su kawai yake yi. A 2021 kwalara ta halaka fiye da mutum 3,000 a Nijeriya. Saboda haka bayan laka ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a tafasa shi ko a sa masa kulorin, a adana cikin mazubi mai murfi.